Yadda zaka sa yaronka namiji ya kamu da karatu ta hanyar labaran kimiyya, da littattafan da kai uba ya kamata ka fara dubawa

Kukan da iyaye suke yi akan 'ya'ya maza kusan iri ɗaya ne a ko'ina, wai yaro baya son karatu, daga ƙwallo sai waya sai gem, in ka miƙa masa littafi minti biyar ya fara hamma. Amma fa wannan yaron da ake cewa baya iya riƙe komai a kai, shine zai jero maka 'yan wasan Real Madrid har da na benci da lambar rigar kowa da kulob ɗin da aka siyo shi, kaga kenan kan lafiyarsa ƙalau, abinda muke miƙa masa ne bai ja shi ba. Yawancin yaranmu basu taɓa riƙe littafi ba sai wanda za'a yi musu jarabawa a kai, toh ta yaya zai so abinda kullum bulala ce ko jan biro a bayansa?

Abinda nake ba mutane shawara shine a raba aikin gida biyu. Akwai littattafan da kai uba zaka karanta domin ka gane halin ɗa namiji, akwai kuma waɗanda za'a karanta da shi, kuma a wannan kashi na biyun ban ga abinda yake kama yaro namiji da sauri kamar ƙagaggen labarin kimiyya ba, irin na kumbo da mutum-mutumi da tafiya wata duniyar. Iyaye mata dan Allah kar ku ce na ware ku, duk abinda zan faɗa ke ma zaki iya, a gidaje da yawa ma uwar ce take ɗaukar nauyin wannan ɗin, kuma 'yan mata suma suna son irin labaran nan sosai. Na matsa wa uban ne saboda shine ya fi zillewa.

Naka tukuna

Ka fara da wanda yake cikin gidanka tun tuni, Suratu Luƙman daga aya ta 13 zuwa ta 19. Ka zauna da tafsiri ka bi ta a hankali ka ga yadda uba yake magana da ɗansa, da kiran lallashi yake buɗewa, sannan tauhidi, sannan sallah da haƙuri, har ya gangaro kan yadda ake tafiya da yadda ake sassauta murya. A aya ta 16 ma da sammai da ƙasa da cikin dutse ya buga masa misali akan ƙwayar komayya, wato sai da ya ɗaga tunanin yaron ya kai shi nesa sannan ya dawo da shi kan aikinsa. 'Yan'uwa Kirista kuma kuna da littafin Karin Magana, shima babi-babi ne na uba yana kiran ɗansa yana masa gargaɗi.

Bayan wannan, in littafi ɗaya tak zaka iya siya na tarbiyya, ka nemi Tarbiyatul Aulad fil Islam na Shaikh Abdullahi Nasih Ulwan, malamin Halab ta ƙasar Siriya wanda ya rasu a 1987. Mujalladi biyu ne a yawancin bugu, akwai fassarar Turanci, kuma masu sayar da littattafan addini sun san shi. Ya kasa nauyin da ke kan uba kashi-kashi, imani, ɗabi'a, lafiyar jiki, hankali, halin zuciya, zaman jama'a, har da maganar balaga wadda mu muke jin kunyarta mu bar wa abokai da waya. Kar ka ce zaka karanta shi daga bango zuwa bango, zaka gaji ka ajiye. Ka tafi kai tsaye wajen da yake maganar hanyoyin tarbiyya, inda ya sa koyi da halin uba a gaba, ya sa horo da hukunci a can ƙarshe. Mu kuwa mun juya tsarin, da na ƙarshen muke farawa.

Tuhfatul Maudud na Ibnul Ƙayyim ya fi amfani ga mai jariri, suna da aƙiƙa da kaciya da sauransu. Ayyuhal Walad na Imamu Gazali ɗan ƙarami ne, wasiƙa ce ya rubuta wa wani ɗalibinsa, wannan ka ajiye sai yaro ya kai shekara 15 haka ku karanta tare. Gazalin nan dai, wanda ya rasu a 1111, shine a cikin Ihya ya ce a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi wasa da takura masa da karatu kullum yana kashe masa zuciya ya dusashe masa basira. Wannan magana ta kusa shekara dubu amma har yau akwai gidan da yaro zai fita boko da safe, ya wuce Islamiyya, ya dawo lesin, ya yi na magariba, ya kwanta, ranar Asabar ma an cike ta.

Na Turawa kuma guda biyu sun isa. Raising Boys na Steve Biddulph, masanin halayyar ɗan'adam da ke zaune a Ostireliya, ya fito a 1997, kuma abinda ya fi amfani a ciki shine yadda ya raba rayuwar ɗa namiji uku. Daga haihuwa zuwa shekara 6 yaron na uwa ne, daga 6 zuwa 14 idonsa yana kan uba yana kwaikwayon komai nasa, daga 14 zuwa sama kuma yana buƙatar wasu manyan maza na kirki banda ubansa. Na ukun nan mu ai muna da shi tun kaka da kakanni, baffa, kawu, malamin zaure, maigidan da ake kai yaro shagonsa ya koyi sana'a, sai dai yanzu mun daina zaɓa da kanmu, yaro ne yake zaɓo ubangidansa a majalisa ko a TikTok. Na tsakiyan shine ya shafi maganarmu, domin shekarun da yaro yake son ya zauna kusa da kai sune daidai shekarun da zaka iya ɗora shi akan karatu, in suka wuce sai an sha wuya. Ba komai na littafin zaka haɗiye ba, misali maganarsa cewa sinadarin mazantaka yana hauhawa a jikin yaro a shekara 4 masu bincike sun yi jayayya da ita, kuma iyalin da yake rubutawa dominsu ƙanana ne, ba gidan mata biyu da yara goma sha ba.

Na biyun shine Raising Cain na Dan Kindlon da Michael Thompson, 1999. Su nasu batun shine muna hana ɗa namiji sanin sunan abinda yake ji a ransa, tsoro ne, kunya ce, baƙin ciki ne, duk sai ya fito da su a fushi saboda fushi kaɗai aka yarda namiji ya nuna. Duk wanda aka taɓa ce masa "namiji baya kuka" yana ɗan shekara biyar zai gane kansa a ciki. Kuma ba baƙon abu bane a wajenmu, hadisin Aƙra'u ɗan Habis yana cikin Bukhari, wanda ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi (SAW) ya ce wanda baya jinƙai ba'a jinƙansa.

Toh yanzu nasa

Ka fara da Hausa ko da makarantar kuɗi yake zuwa. Yaro yana fara son labari ne a harshen da yake mafarki da shi. Kuma muna da namu, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo wanda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga a 1969, shekarar da Apollo 11 ya sauke mutum a wata. Labarin wani yaro ne Kilba da ya haɗu da wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo ya tafi da shi yawon sararin samaniya. Siriri ne, ɗan firamare zai iya da shi, kuma abin daɗin shine yaron da ke cikin kumbon Bahaushe ne irinsa. In ka haɗa masa da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, duk da su ba na kimiyya bane, sun isa su koya masa cewa littafi abin daɗi ne. In Allah ya sa ka ci karo da Ikon Allah wanda Imam ɗin suka rubuta da Rupert East akan halittu da yadda duniya take aiki, ka siya kar ka tsaya ciniki da yawa.

Daga shekara 7 zuwa 10 a Turanci, The Iron Man na Ted Hughes, 1968. Ba na fim ɗin Marvel ba fa, wannan wani ƙaton mutumin ƙarfe ne da yake cinye wa manoma taraktoci da shingen waya, sai wani yaro Hogarth ya zama abokinsa. Babi biyar ne kacal, dare biyar kun gama. Sai The Wild Robot na Peter Brown, 2016, wata mutum-mutumi Roz da teku ta jefo wani tsibiri ta ƙare da rainon ɗan tsakon dinya maraya. Babukansa gajeru ne ƙwarai, wani shafi biyu wani uku, kuma wannan yana da muhimmanci fiye da yadda kake zato, yaron da bai saba ba in ya ga ya gama babi guda sai ya ji ya yi wani abu.

Daga 10 zuwa 13 nan ne kasuwar take ci, kuma nan zan daɗe. Jules Verne Bafaranshe ne, 'yan'uwanmu na Nijar ku kun huta kuna iya karanta shi a harshen da ya rubuta. Twenty Thousand Leagues Under the Sea na 1870, Kyaftin Nemo da jirginsa na ƙarƙashin teku Nautilus. Journey to the Centre of the Earth na 1864, masu shiga cikin ƙasa ta bakin dutse mai aman wuta a Aisland. From the Earth to the Moon na 1865, inda aka harba mutum uku zuwa wata da wata ƙatuwar igwa daga Florida, bayan shekara 104 kuma Amurka ta harba mutum uku daga Floridan nan dai, wannan kaɗai in ka faɗa wa yaro zai buɗe baki. Akwai kuma Five Weeks in a Balloon na 1863 wanda mutum uku suka tsallaka Afirka a balan-balan daga Zanzibar har Senegal, suka bi ta kan Tafkin Chadi da Agadas da Tambutu, wato ta samanmu suka wuce. Amma wannan kar ka miƙa masa ka tafi, akwai raini ga baƙar fata a ciki ƙarara, irin na Baturen da bai taɓa taka ƙasar ba yana zaune a Faransa yana rubutu. Ku karanta tare ka tsaya ka tambaye shi, haka muke? Waye ya faɗa masa haka? Darasi ne babba yaro ya gane tun yanzu cewa abu yana iya zama a buge cikin littafi kuma ya zama ƙarya.

H. G. Wells na Ingila, The War of the Worlds, 1898. Halittu daga duniyar Mars suka sauka a Ingila da makaman da sojan Ingila basu da maganinsu, kuma marubucin da kansa tun a farkon littafin ya tuna wa mutanensa abinda Turawa suka yi wa mutanen Tasmaniya. Ka lissafa, shekara biyar bayan fitowarsa, a 1903, Kano da Sakkwato suka faɗi a hannun masu bindiga mai ruwa. Yaron da ya karanta wannan in ka ba shi labarin zuwan Turawa zai ji shi a jikinsa fiye da yadda aka koya masa a aji. Kuma wani yaro Ba'amurke Robert Goddard ya karanta littafin nan yana ɗan shekara 16, shine a 1926 ya harba roka ta farko mai aiki da mai na ruwa. The Time Machine na 1895 ya ɗan fi nauyi, mutum ne ya tafi shekara ta 802,701 ya tarar 'yan'adam sun rabu gida biyu, 'yan hutu a sama, ma'aikata a ƙarƙashin ƙasa, a bar shi sai yaro ya shiga sakandare.

Kar ka tsaya kan Turawa kawai. Nnedi Okorafor, 'yar asalin Najeriya da aka haifa a Amurka, tana da Ikenga na 2020 akan wani yaro Nnamdi ɗan shekara 12 da aka kashe mahaifinsa ɗan sanda, ya samu wani ƙarfi, ya rasa yadda zai yi da fushinsa. Tana da The Shadow Speaker na 2007 wanda a ƙasar Nijar aka kafa labarin a shekara ta 2070, da Binti na 2015 da ya ci Hugo da Nebula, manyan kyaututtukan ƙagaggun labaran kimiyya. Sai dai ita tana cakuɗa kimiyya da tsafe-tsafen gargajiya, saboda haka ka fara leƙawa ka ga ko ya dace da gidanka. Akwai kuma The Ear, the Eye and the Arm na Nancy Farmer, 1994, Zimbabuwe a shekara ta 2194, 'ya'yan wani janar da ubansu ya kulle su a gida don tsoro har basu san komai na gari ba, suka sulale suka fita. Wannan uban ma ya kamata ya karanta wallahi.

Daga 14 zuwa sama, I, Robot na Isaac Asimov, 1950, gajerun labarai ne akan mutum-mutumi masu bin dokoki uku, kar ya cutar da ɗan'adam, ya bi umarni sai in umarnin zai sa ya karya ta farko, ya kare kansa sai in hakan zai karya biyun farko. A wannan zamani da yara suke tambayar ChatGPT aikin gida ba sai na ce maka ya dace ba. The Martian na Andy Weir, ɗan sama jannati da aka bari shi kaɗai a Mars ya shuka dankalin turawa da takin bayan gida ya haɗa ruwa daga man roka, lissafi da dabara ne daga farko har ƙarshe, amma akwai ashar tun daga layin farko, saboda haka ka nemi bugun da aka yi wa 'yan makaranta wanda aka tace, an rubuta Classroom Edition a bangon. Ender's Game na Orson Scott Card, 1985, wani yaro Ender ɗan shekara 6 da aka ɗauke zuwa makarantar yaƙi a sama, akwai yaya mai cin zali, akwai manya masu amfani da yara, akwai faɗa mai muni a wurare biyu, ban yarda a ba ɗan ƙasa da 13 ba. Dune na Frank Herbert, 1965, sai ya gama sakandare, duniyar hamada ce da ruwa ya fi komai tsada kuma an ari kalmomin Larabci da yawa a ciki, yana da kauri kuma yana wasa da maganar Mahadi, sai mai ƙafa a ƙasa.

Guda ɗaya da ba ƙage ba amma dole ya shiga jerin, The Boy Who Harnessed the Wind. William Kamkwamba na ƙasar Malawi, yunwa ta sa aka kasa biya masa kuɗin makaranta, ya riƙa zuwa wani ɗan laburare a ƙauyensu, ya ga hoton fanka mai samar da lantarki a wani littafi, yana ɗan shekara 14 ya haɗa tasa da tarkacen bola da sassan keke ya kunna ƙwan fitila a gidansu. Akwai bugun yara. In yaronka irin masu kwance rediyo ne su kasa mayarwa, da wannan ma zaka fara.

Yadda ake yin karatun

Kar ka siyo guda goma ka jibge masa, kuma kar ka taɓa yin hukunci da littafi, irin "tunda ka yi laifi jeka ɗauki littafi". Guda ɗaya, kai zaka karanta masa da baki ko da ya iya karatu, bayan isha'i minti sha biyar zuwa ashirin, in ba wuta fitilar sola ta wadatar. In Turanci ne kana karantawa kana juya masa da Hausa inda ya yi tsauri, ba laifi bane, ba jarabawa ake ba. Ka canza murya, ka yi ta mutum-mutumi, ka yi ta kyaftin, girmanka ba zai zube ba.

Babbar dabarar kuma tana cikin Magana Jari Ce, yadda aku ya riƙe Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labari dare bayan dare har ya hana shi fita bin sawun yaƙi. Kai ma haka zaka yi, sai dai kai a daidai inda labari ya ɗau zafi zaka rufe littafin ka ce sai gobe. Zai yi magiya, kar ka yarda. Ka ajiye littafin inda hannunsa zai kai ka yi kamar ka manta. Ranar da ka dawo ka tarar ya wuce inda kuka tsaya, ko ya fara baka labarin abinda zai faru, shikenan aikin ya kama, kar ka yi masa faɗa wai ya riga ka, ka ce ya baka labarin inda ka rasa.

Wajen zaɓen mataki, ka buɗe shafi ɗaya a tsakiya ya karanta, duk kalmar da bai sani ba ya lanƙwasa yatsa, in yatsu biyar suka ƙare kafin shafin ya ƙare littafin ya fi ƙarfinsa a yanzu. Tsofaffin fassarorin Verne da Wells na asali Turancinsu tsoho ne mai nauyi, saboda haka ka nemi waɗanda aka sauƙaƙa, irin jerin Oxford Bookworms da Penguin Readers da Ladybird, suna da mataki-mataki a rubuce a bango. In kuka yi babi uku bai kama shi ba ku ajiye ku ɗau wani, ba dole sai an gama ba. In kuma ya ce wanda kuka gama zai sake, sau nawa ma, ƙyale shi.

Kar ka yi masa tambayoyin malamin makaranta, waye jarumin, a wace shekara. Tambayar da take buɗe bakin yaro ita ce, kai da kaine ya zaka yi? Anan ne littattafan tarbiyyar da ka karanta suke haɗuwa da nasa. Ɗa namiji in ka zaunar da shi ka ce faɗa min abinda ke damunka, "ba komai" zaka samu. Amma in kuna maganar yadda yayan Ender yake gallaza masa, ko yadda manyan ɗalibai suka taru a kansa, sai ka ji ya ce ai a makarantarmu ma akwai wani, daga nan ka yi shiru ka saurara, kar ka yi tsalle ka ce gobe zan je wajen hedimasta, in ka yi haka ya rufe baki kenan. Dokar Asimov ta biyu zata kai ku maganar biyayya, yaushe ake bin na gaba yaushe ake cewa a'a, kuma mu muna da ƙa'idar tun tuni cewa ba'a yi wa abin halitta biyayya a saɓa wa Mahalicci, yaron da zai tafi makarantar kwana yana buƙatar ya san wannan. Nemo zai kai ku maganar ramuwar gayya, mutum ne mai ilimi da aka zalunta, amma ina fushin ya kai shi? Kuma irin wannan hirar ta fi tafiya in ba ido cikin ido ake ba, a kan mashin, a hanyar masallaci, ko kuna wanke mota.

Maganar aƙida

Wasu iyayen suna tsoron kar labarin halittun wata duniya ko tafiya cikin zamani ya rikita wa yaro imani. Tsoron yana da tushe, domin wasu marubutan basu yarda da Allah ba kuma yana fitowa a rubutunsu, Wells da Asimov duk suna cikinsu. Maganin shine kai ka riga shi karantawa, ko aƙalla ka duba taƙaitaccen labarin a intanet kafin ka siya, kuma ka gaya masa tun farko cewa wannan ƙage ne, wani ne ya zauna ya ce "da ace". Yaron da ya san Gizo da Ƙoƙi basu taɓa magana ba amma yake jin daɗin tatsuniya ba zai kasa gane wannan ba. In tambaya mai nauyi ta taso wadda baka da amsarta, ka ce mu je mu tambayi malam tare, ya fi ka daka masa tsawa, domin tambayar ba zata mutu ba, wani wajen zai kai ta. Kuma ka sanar da shi cewa Musulmi sun yi irin wannan rubutu tun da daɗewa, Ibnu Ɗufail na Andalus a ƙarni na 12 ya rubuta Hayyu bin Yaƙzan, yaron da ya tashi shi kaɗai a tsibiri barewa ta raine shi ya gano Mahaliccinsa ta hanyar lura da halitta, sannan Ibnun Nafis, likitan da ya bayyana yadda jini yake bi ta huhu, shima ya rubuta nasa ƙagaggen labarin a ƙarni na 13.

Inda zaka samu ba tare da aljihu ya huje ba

Verne da Wells duk sun tsufa sun fita daga haƙƙin mallaka, kyauta suke a shafin Project Gutenberg, na saurare kuma a LibriVox. Ka sauke a wayarka, ka kashe data kafin ka miƙa masa, in ba haka ba minti biyu yana YouTube. In da hali ma ka kai wajen masu fotokwafi su buga maka babi biyu-uku su danne da sitefula, takarda ta fi waya a wannan aikin nesa ba kusa ba. Na ƙanana 'yan firamare akwai African Storybook da StoryWeaver, dukkansu kyauta kuma suna da labarai da Hausa masu hotuna. Sababbin irin su The Wild Robot da Ikenga sai an siya, ka duba masu littattafan gwanjo da suke shimfiɗawa a bakin jami'o'i da manyan kasuwanni, in kana Kano ka kai shi Laburaren Murtala Muhammad ko da sau ɗaya ya ga littattafai jere har sama. Wata dabarar ku haɗu ku huɗu ko biyar masu yara sa'o'in juna kowa ya siyi ɗaya a riƙa musanya, a rubuta suna a bangon ciki saboda littafin aro baya son dawowa. Yaran ma in suka ga abokinsu ya karanta sai gasa ta shiga, ɗa namiji kuwa da gasa ake kama shi.

Daga nan ka fitar da labarin waje. Daren da NEPA ta ɗauke wuta unguwa ta yi duhu ku fito tsakar gida, ka nuna masa Zara matar wata ka ce masa duniya ce kamar tamu ba tauraro ba, ka nuna masa kaza da 'ya'yanta. Manhajar Stellarium zata nuna muku sunan duk abinda kuka ɗaga waya kuka saita. Ka gaya masa hasken rana minti 8 yake yi kafin ya iso mu, wata kuma yana nesa da kusan kilomita 384,000, tashar 'yan sama jannati tana zagaye duniya duk minti 90 kuma ana ganinta da ido tana wucewa, Najeriya ma ta harba tauraron ɗan'adam nata na farko a 2003. Tauraruwa mai wutsiya ta Halley an ganta a 1986, zata dawo 2061, ku lissafa shekarunsa a lokacin, wanda aka haifa a 2015 zai kasance yana da 46. Ka tanadi kwali ɗaya na tarkace, tsohuwar tocila, ƙaramar motar rediyo, batir, waya, maganaɗisu daga matacciyar sifika, ka ce nasa ne ya yi abinda ya ga dama, sharaɗi ɗaya kar ya kusanci soket.

In duk ka yi wannan yaron ya ƙi, ka duba abu biyu kafin ka ce taurin kai ne. Na farko ido, yara da yawa basa gani sosai kuma basu san haka bane, in yana matso da littafi kusa da fuska ko yana kukan ciwon kai a kai shi a gwada. Na biyu, ka sa shi ya karanta maka layi biyar da ƙarfi kai kaɗai ba a gaban ƙannensa ba, domin akwai ɗan aji shida har ɗan JSS da bai iya haɗa baƙi sosai ba yana ɓoyewa da rashin ji saboda kunya. In haka ne ku koma kan masu hotuna da na saurare, kai kana karantawa yana bin layin da yatsa, a nemo malami mai haƙuri ya gyara tushen, labaran kuma kar a dakatar da su ana jiran sai ya iya.